Idan Ba a Ba da Lamba Ba

Ranar da ta fara aiki ta kama shi da laifi, kuma ta haka suka san juna.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon katifu. Tebura shida, firinta mai cin takarda, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa cikin bokiti. Sana'arsu rubuta manhaja, babbar kasuwarsu kuwa wata manhaja ce da ƙananan asibitoci ke tura wa marasa lafiya saƙon tunatarwa da ita. An ɗauke ta ne don ta riƙa gwada abin da mazan suka rubuta kafin ya fita. Auta ake ce mata a gida, sunan kuma bai kai azahar ba ya biyo ta ofis, domin mahaifinta, wani tsohon mai gyaran agogo, ya hawo bene da tabarau ɗinta da ta manta yana tambaya da ƙarfi, "Ina Autata take zama?"

Shi kuwa Malam Shiru abokan aikinsa ke kiransa. Teburinsa na can ƙurya kusa da taga, kuma sai ya wuni bai ce uffan ba.

Ta tsaya a kansa da kwamfutarta a hannu. "Kai ka rubuta fankshin ɗin tura saƙo?"

Ya ɗago. Ya ga tabarau, ya ga idanun da ke bayansu. Ya gyaɗa kai.

"To lambar waye wannan?"

Ga yadda abin yake. A yaren da suke rubutu da shi, kowane fankshin yana da abubuwan da ake miƙa masa kafin ya yi aiki. Wasu dole ne, in ba ka ba shi ba sai ya tsaya cak ya yi ƙorafi. Wasu kuma ganin dama ne, marubucin yakan ajiye wani abu tun farko, in ba a kawo komai ba fankshin ya ɗauki wancan ya wuce bai gaya wa kowa ba. Kamar mai shayin da ya saba da kai ne, in ba ka yi magana ba ya zuba maka sukarin da ya sani. To a fankshin ɗin Malam Shiru, lambar wayar mara lafiya tana cikin na ganin dama, kuma abin da ya ajiye a gurbinta wata cikakkiyar lambar waya ce.

"Ta gwaji ce," ya ce a hankali. "Zan cire."

"Yaushe?"

"Kwanan nan."

"Kwanan nan na mai ɗinki ko na mai gaskiya?"

Murmushi ya kuɓuce masa. Waɗanda ke ofis suka ce tun zuwansu ba su taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Wata ya juya, lambar tana nan daram. Da ta sake tayar da maganar, sai ya roƙe ta su fita. Suka zauna a kan matakalar bene, ƙanshin sabuwar katifa na tasowa daga ƙasa, sannan ya faɗa mata.

"Ta mahaifiyata ce."

Ita kaɗai ta rene shi, da keken ɗinki. Lokacin da yake koyon aikin, wayarta yake tura wa saƙon gwaji, ita kuma ta yi ta dariya tana cewa kwamfutarsa ta fi shi iya gaisuwa. Bara ta rasu. Wayar tana cikin durowar gefen gadonsa, yana mata caji, yana sa mata kati don kada a rufe layin.

"Duk sanda aka yi wa wani rajista ba a sa lambarsa ba, saƙonsa wajenta yake zuwa," ya ce. "Sai in ji ta yi ƙara a cikin durowa. Gidan ya yi mini shiru da yawa, Auta. In ta yi ƙara sai in ji kamar tana ɗaki."

"Marasa lafiyar fa?"

"Ina karantawa. In kira asibitin in ce su nemi mutumin. Ba wanda ya taɓa cutuwa."

Ta san abin da ya kamata ta yi. Aikinta ke nan, don shi ake biyanta. Amma zuciya ba ta da ƙashi, ga shi kuma namiji babba yana share ido da bayan hannu a gabanta. Ta koma teburinta, ta sa wa fankshin ɗin alamar ya ci gwaji.

Daga nan abin ya tafi yadda irin waɗannan abubuwa ke tafiya. Ya fara ajiye mata shayi a tebur kafin ta iso. Ta fara ɓoye masa caja don kawai ya zo ya tambaya. Mutumin da baki ke masa nauyi sai ga shi yatsunsa sun iya zance a saƙon waya.

"Mai Tone-tone, kin isa gida? Yau kin samo mini kurakurai har na rasa inda zan sa kaina, amma da wani ya yabe ni gara ke ki kushe ni."

"Na isa, Shiruna. Ka rage daɗin baki, gobe ma ba zan raga maka ba. Ka ci abinci?"

"Na ci. Ban ji daɗinsa ba, ba ki zauna kina satar mini nama ba."

"Allah ya shirye ka. In mun yi aure sai ka gane ashe sata ban fara ba."

Ya karanta wannan saƙon har ya haddace shi.

Da ta kai shi gida, shi da Baba suka ɗinke tun zaman farko. Baba ya sa shi a gaba a ɗan shagonsa na bakin titi, ya maƙala masa gilashin gyara a ido ɗaya, ya nuna masa yadda ake buɗe bayan agogo ba a ƙwarzane shi ba.

"Wannan yaron yana da hannu," in ji Baba. "Ba kamar Auta ba, ita in ta taɓa agogo sai ya fara tafiya da baya."

Mama dai ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce e ba. Tana da ɗan yayarta, injiniyan titi mai ƙatuwar mota, wanda ta daɗe tana yi wa Auta sha'awarsa. Amma ta ga 'yarta na walwala, sai ta zuba ido.

Wata rana da yamma suna tafiya zuwa tashar mota, ya tsaya ya dube ta.

"Kin san wani abu? Na manta rabon da in buɗe durowar nan. Ina jin ma cajin ya ƙare."

Ta ji daɗi har cikin ranta. Ta ce a zuciyarta, na warkar da shi. Shi ma abin da ya gani ke nan. Su biyun masana ne, su biyun sun san abin da ke shiga wannan wayar, amma so ya rufe musu ido, ko ɗayansu bai tuna ba.

Ana cikin shirin manya su zauna kan maganar aure Baba ya faɗi a shago. Maƙwabcinsa mai gyaran takalma ne ya same shi a ƙasa, gilashin na maƙale a idonsa, bakinsa ya karkace. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

A asibiti likita ya duba fayil ya ɗaure fuska. "Ai mun neme shi. Tun da sakamakon gwajinsa ya fito muka tura masa saƙo ya dawo a canza magani. Ga shi nan, an rubuta ya tafi."

"Ba mu ga saƙo ba," in ji Mama.

Auta ta nufi teburin rajista. Ta roƙi ma'aikaciyar rajista ta nuna mata allon. Gurbin lambar Baba babu komai. Matar ta tuna shi sarai, tsoho mai barkwanci, ya ce bai haddace lambarsa ba don ba ya kiran kansa, 'yarsa za ta kawo. Gurbin ba dole ba ne, sai ta tsallake. A ƙasa manhajar ta rubuta an aika, da lambar da aka aika wa. Auta ba ta buƙaci karanta ta har ƙarshe ba.

Ba ta kira shi ba, saƙo ta tura. "Ka sa wayar a caji."

Ya iso asibitin da tsohuwar wayar a hannu, fuskarsa kamar an zare masa jini. Saƙonni ne jingim a ciki, na mutanen da bai sani ba, na Baba kuma a tsakiyarsu: "Sakamakon gwajinka ya fito. Likita yana son ganinka da wuri don a canza maka magani."

Zai iya yin shiru, shiru ai gidansa ne. Bai yi ba. Ya durƙusa gaban Mama a barandar asibiti, mutane na wucewa, ya faɗa mata komai. Abu ɗaya ya ɓoye, bai ce Auta ta sani ba.

Mama ta saurare shi har ya gama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wato saƙon da zai ceci mijina yana cikin durowarka yana barci."

"Haka ne, Mama."

"Kada ka sake ce mini Mama. Tashi ka tafi. In dai ni na haifi wannan yarinyar, ba kai ba ita."

Ya juya wajen Auta. Da ta yi kuka da ya fi masa sauƙi. Sai ta dube shi da busassun idanu ta ce, "Ka zaɓi wadda ta mutu a kan masu rai."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Washegari ya kira asibitoci ɗaya bayan ɗaya, sai da ya tabbatar an nemo duk wanda saƙonsa ya maƙale. Allah ya taƙaita, sauran ba wanda ya cutu. Sannan ya gyara fankshin ɗin. Yanzu lamba ta zama dole, in babu ita manhajar za ta tsaya ta gaya wa ma'aikaci a nemi mutumin ta wata hanya. Gyaran bai kai layi biyu ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ya shiga wajen shugaban ofis ya kai ƙarar kansa, aka ce ya tattara kayansa.

Ya tura mata saƙo ɗaya.

"Na cire lambar. Na san ya zo a makare. Ba na neman ki yafe mini, ki dai riƙa gaya mini yadda Baba yake, ko da kalma ɗaya ce."

Ta karanta, ta kife wayar. Ba ta amsa ba.

An sallamo Baba. Aka mayar da gadonsa falo don ya riƙa ganin mutane. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana kama ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, yanzu cokali ya gagare shi. Magana na fita da ƙyar. Likita ya ce ba wanda zai iya rantsewa cewa da saƙon ya iso da abin bai faru ba, amma wannan bai sanyaya zuciyar kowa ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injiniya ya fara zuwa kullum, da ledar 'ya'yan itace da labarin kwalta. Mutumin kirki ne, ba laifinsa. Ya sayo keken guragu mai kyau, ya zauna yana bayyana wa Baba dalilin da ya sa titi ke fashewa da damina, Baba kuma ya rufe ido ya yi kamar barci. Mama ta fara cewa, "Kin dai ga wanda ya tsaya mana."

Auta ta rame. A ofis teburin ƙurya ya zama wurin ajiye kwalaye, ta daina kallon wajen. Abin da ke cinta ba kewarsa ba ce kaɗai. Maganar da ta yaɓa masa a baranda ce ke dawo mata, domin ta san laifi tudu ne, ta taka nata ta hango nasa.

Ran nan da safe suna wankin zanin gadon Baba a bayan gida, Mama na cuɗawa tana ɗaurayewa, sai kawai ta saki zanin cikin ruwa.

"Mama, na sani."

"Kin san me?"

"Na san da lambar. Tun ranar da na fara aiki na gan ta. Ni aka ɗauka in hana irin wannan, na gani na rufe ido don ina tausayinsa. Bai faɗa muku ba ne don ya rufa mini asiri. In shi ya kwantar da Baba, to tare muka kwantar da shi."

Mama ta tsaya da kumfa a hannu. Ta daɗe tana kallon 'yarta. Sai ta ɗauki zanin ta ci gaba da cuɗawa da ƙarfi, hawaye na ɗiga cikin baho.

Tagar falo a buɗe take. Da suka shiga suka tarar Baba yana buga sandarsa a ƙasa da hannun hagu.

"Ku... kira... Shiru."

Mama ta ce, "Malam, wannan yaron fa shi ne..."

"Uku ne." Ya ɗaga yatsu uku na hagu, ya nuna waje, ya nuna Auta, sannan ya dafa ƙirjinsa. "Ni... na ce... zan kawo lamba. Na manta." Ya huta, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "Ɓarayi... uku. Ki kore mu... duka."

Mama ta juya ta shige ɗaki. Ba ta ce a kira shi ba, amma ba ta ce kada a kira ba.

Auta ta ɗauki waya ta rubuta: "Shiruna. Baba na nemanka. Ni ma ina nemanka, in har za ka iya kallon fuskata bayan abin da na faɗa maka. Ba gaskiya na faɗa ba. Zafin kaina na juye maka."

Amsa ta zo nan take: "Gaskiya kika faɗa, Mai Tone-tone, aikinki ke nan. Ina hanya."

Abin da Baba ke so da shi ba dogon zance ba ne. Agogunan mutane sun taru a shago, masu su na ta sintiri. Aka kwaso su a kwali aka kawo falo. Baba ya zama ido, Malam Shiru ya zama hannu. Yakan zo bayan ya tashi daga sabon ɗan aikin da ya samu, ya maƙala gilashi, Baba na gefe yana gurnani in ya kama ƙusar da ba ita ba. In sun gama ya murza masa hannun dama yadda masu gashin ƙashi na asibiti suka koya, ya tallafe shi su taka zuwa ƙofa su dawo. Hannun bai dawo ba. Ba zai dawo ba, kowa a gidan ya sani.

Mama ba ta amsa gaisuwarsa. Takan ajiye shayi kofi ɗaya gaban mijinta ta wuce. An daɗe a haka. Injiniya da kansa ya gane inda iska ta dosa, ya yi sallama cikin mutunci ya rage zuwa. Sai wata rana aka ga kofi biyu a kan faranti.

Da maganar aure ta dawo, Mama ce ta tare shi a bakin ƙofa.

"Wa zai zo maka?"

"Kawuna zai zo."

"Mata fa?"

Ya dubi ƙasa. "Babu."

Ta ce to, ta koma ciki.

An ɗaura auren ba tare da wani babban taro ba. 'Yan ofis sun zo, mai gyaran takalma ya zo, Injiniya ma ya zo, shi ya tura keken Baba. Baba ya sa aka kawo ango da amarya gabansa, ya ɗora hannunsa na hagu a kan hannayensu, ya tattaro kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Allah... ya yi muku albarka. Abin da... kuka gani... ku faɗa wa juna. Kada ku bar... gurbi."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Ana shirin tafiya Mama ta yafito ango zuwa kicin, inda babu kowa sai tukwanen da ba a wanke ba.

"Zan gaya maka gaskiya," ta ce. "Ban gama yafe maka ba. Kullum in na zo sa masa maɓallin riga sai na tuna. Wataƙila in gama, wataƙila in mutu da saura."

"Na yarda, ko haka kuka bar ni na gode."

"Ban tambaye ka ba. Ba ni wayarka."

Ya miƙa mata. Ta riƙe ta nesa da ido, ta danna lambarta da yatsa ɗaya a hankali. Da ta zo wajen suna ta rubuta Mama, sai wayar ta nuna cewa akwai mai wannan sunan, tana tambaya ko a maye gurbinsa.

Ya ga abin da ke kan allon. "Ku danna e," ya ce. "Lokaci ya yi."

"Kai, rufe mini baki. Wa ya ce maka ana goge uwa?" Ta mayar masa da wayar. "Kai ne masani, ka san yadda ake yi. Ka bar tata a sama, ka sa tawa a ƙarƙashi."

Ya yi yadda ta ce, lambobi biyu a ƙarƙashin suna ɗaya.

"Yawwa," in ji Mama. Ta gyara masa wuyan riga kamar yadda take yi wa mijinta. "In gida ya yi maka shiru, ka kira ta biyun. Ita za ta ɗauka."

Daga waje Auta ke kiransa, mota na jira. Ya share fuska, ya durƙusa.

"Mun tafi, Mama."

"Allah ya kiyaye hanya, ɗana. In kun isa ka turo mini saƙo."